Mudu Ɗaya Muke Nema: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Kumasi Zuwa Ga Jakadu Da Masu Ba Da Rance A Accra

Zuwa ga masu girma jakadun Tarayyar Turai da Amurka da Birtaniya, da wakilan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da na Bankin Duniya da ke zaune a Accra.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda ta fito ne daga wasu masu kiwon kaji da dillalan hatsi da 'yan kasuwa mazauna Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi. Da Hausa muka rubuta ta domin mutanenmu su karanta su ga abin da aka faɗa da yawunsu. Mun san ofisoshinku ba za su rasa tafinta ba.

Duk wanda ya taɓa awon masara a Techiman ya san dillali mai olonka biyu, wato gwangwanin awon hatsi. Gwangwanin iri ɗaya ne a ido, amma ɗaya an buga gindinsa da taɓarya ya bulluƙo waje, shi ake ɗauka zuwa ƙauye a auni hatsin manomi. Ɗayan an danna gindinsa ya shige ciki, da shi ake auna wa matar da ta zo sayen na tuwon dare. Ba ya ƙaryar farashi, ba ya ƙwace, har gyara yana yi wa mai saye. Duk da haka ko yaron makarantar allo ya san sunansa, domin akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da azabar masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar su rage. Ƙarar da muka kawo gabanku ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya, tun shirin gyaran tattalin arziki na 1983, ana auna wa Ghana da gwangwanin da ƙasashenku ba sa yarda a auna musu da shi.

Mu fara da kaza, don ita muka fi sani. Mai kiwo a Dormaa Ahenkro ko a bayan garin Kumasi da ya zuba 'yan tsaki dubu na nama, yana sa ran kowace ta kai kilo biyu da 'yan kai cikin mako shida zuwa bakwai. Kafin nan kowace za ta ci abinci kilo huɗu zuwa huɗu da rabi. Garken gaba ɗaya zai lashe buhu wajen casa'in masu kilo hamsin-hamsin, kuma fiye da rabin abin da ke cikin buhun masara ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu garin waken soya ne da aka tatse mansa. Abincin nan kaɗai shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na duk abin da zai kashe. Sauran ya tafi a 'yan tsakin, waɗanda da yawansu daga Holan ko Beljiyam ake ɗauko su a jirgin sama, da rigakafin cutar Gumboro da sauran allurai, da gawayin ɗumama su a makonnin farko, da kaji wajen hamsin da za su mutu ko da an kula. Idan an yanka an fige an cire kayan ciki, kazar kilo 2.3 takan dawo wajen kilo 1.6. Babbar matsalar kuma tana zuwa ne ranar da kajin suka isa sayarwa babu mai saye: kowace rana da suka ƙara a keji za su ci kusan buhu huɗu, naman da suke ƙarawa kuwa ba ya biyan kuɗin buhunan. Mako biyu na jira ya isa ya cinye ribar zubin duka. Shi ya sa yawancin masu kiwo suka koma kan masu ƙwai, na nama sai an tunkari Kirsimeti ko Ista ko Sallah. Kada a manta da kuɗin ruwa: a watan Yulin 2023 Babban Bankin Ghana ya kai nasa kashi 30 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuwa ya haura haka, a shekarar da na Babban Bankin Turai bai wuce huɗu da rabi ba.

Abokin karawarsa yana cikin kwali mai kilo goma a shagunan ƙanƙara na Asafo. Ku buɗe kwalin ku duba: ƙashin baya ne, da fukafukai, da cinyoyi, da wuya, da ƙundu. Tsokar ƙirji ba ta cika zuwa nan ba, domin ita mai saye a Amsterdam ko a Atlanta yake so, kuma kuɗin da yake biya a kanta ya kusa fanshe kazar gaba ɗaya. Abin da ya rage kaya ne da kamfani ke neman inda zai kai. Duk farashin da ya ɗara kuɗin daskarewa da na jirgin ruwa zuwa Tema riba ce a wurinsa, tunda in bai sayar ba abincin kare zai yi da shi. Mai kiwonmu kuwa kaza sukutum yake sayarwa, dole kowane gram ya ɗauki rabonsa na masara. Mutum biyu ne a kasuwa ɗaya, ɗaya yana sayar da jarinsa, ɗaya yana sayar da rarar da ya riga ya ci ribarta. A farkon shekarun 1990 yawancin kajin da ake ci a ƙasar nan na gida ne. Yau na gidan bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Za ku ce kun daina biyan tallafin fitar da kaji, kuma gaskiya ne. Turai ta mai da shi sifili a 2013, sannan taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya na Nairobi a Disambar 2015 ya haramta irinsa. Za ku ce Burazil ma tana cikin manyan masu kawowa, wannan ma haka ne. Amma tallafin bai mutu ba, gida ya sauya. Kasafin noma na Tarayyar Turai daga 2021 zuwa 2027 kusan Yuro biliyan 387 ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar baki ɗaya, kuma mafi yawansa ana biyan manomi ne gwargwadon hektar da yake nomawa. Wanda ya noma alkamar da kazar ta ci ya karɓa. A Amurka, lokacin da faɗan haraji da Chana ya taɓa masu waken soya a 2018 da 2019, gwamnati ta raba wa manoma fiye da dala biliyan 20 ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Mu ba mu ga laifin ƙasa ta tallafi manominta ba, hasali ma abin da ya kamata ke nan. Abin tambaya shi ne me ya sa aka sa Ghana ta janye tallafin taki a ƙarshen shekarun 1980 da sunan tsabtace kasuwa, alhali masu ba da shawarar daga ƙasashen da ba su taɓa janye nasu ba suka taso.

Akwai shekarar da duk mai kiwon da ya manyanta ba ya mantawa. A kasafin 2003 Majalisar Dokokin Ghana ta zartar da doka mai lamba 641, ta ɗaga kuɗin fiton naman kaji daga kashi 20 zuwa 40, na shinkafa daga 20 zuwa 25. Babu ƙa'idar duniya ko ɗaya da aka karya, domin iyakar da Ghana ta yi rajista da ita a Ƙungiyar Cinikayya kan yawancin kayan gona kashi 99 ce. Amma a daidai lokacin ana kan teburin sabon rance da IMF, kuma bayan tattaunawa da jami'an Asusun sai aka umarci kwastam su dakatar da karɓar ƙarin. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta garzaya kotu. A 2005 Babbar Kotu ta ba su gaskiya, ta ce ba a jingine dokar Majalisa da takardar ofis. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta koma Majalisa da gaggawa aka soke dokar ɗungurungum. Ku da kuke yi mana wa'azin bin doka da girmama majalisa a duk taron da kuka ɗauki nauyi, ga doka, ga majalisa, ga hukuncin kotu, duk an tattake su don rance ya fito, ba mu ji ofishin jakadanci ko ɗaya ya ɗaga murya ba. Yau fiton kaji kashi 35 ne a ƙarƙashin jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS da Ghana ta fara aiki da shi a 2016, sai dai ya zo bayan wuraren ƙyanƙyasa da na yanka da yawa sun rufe, masu noman masarar kaji sun kama wata sana'a. Ihu bayan hari.

Ku kwatanta da yadda kuka yi da abin ya zo ƙofarku. A 2022 Turai ta ɗauke wa Yukiren haraji don taimakon yaƙi. Hatsi da kaji masu araha suka kwararo, manoman Folan suka tare hanyoyi da taraktoci, a Afrilun 2023 Folan da Hangari suka rufe ƙofa da kansu ba tare da jiran Brussels ba. Zuwa Yunin 2024 Tarayyar ta kafa birki na gaggawa a kan kaji da ƙwai da sukari da masara da zuma da wasu 'yan kaya: da zarar shigowarsu ta wuce matsakaicin shekarun baya, haraji ya dawo. Shekara biyu kacal manominku ya jure wa abin da namu ya shekara talatin yana sha, kuma daga ƙasar da kuke kira ƙawa, wadda ake ruwan bama-bamai a kanta. Ita ma Amurka, a 2015 ta gaya wa Afirka ta Kudu cewa ko ta buɗe wa cinyoyin kajinta ƙofa ko ta rasa rangwamen AGOA, wato dokar da ke barin kayan Afirka su shiga Amurka ba fito, a kan kayan gonarta, aka ƙare da ba ta gurbin tan 65,000 a shekara. Su kuma waɗannan kajin na Amurka, tun 1997 Turai ta hana su shiga saboda ana wanke su da ruwan kulorin. Kowannenku ya san yadda ake tsare gida. Mu kaɗai ne in mun taɓa ƙyauren sai a ce ba mu fahimci tattalin arziki ba.

Madara ma haka take, a taƙaice. Tun da Turai ta cire wa makiyayanta iyakar tatsa a Afrilun 2015, ake cire man shanun a sayar da tsada a can, a maye gurbinsa da man ja a garin madarar, a turo shi Afirka ta Yamma cikin buhu mai kilo 25 a kan fito kashi 5 kacal. Da shi ake dama burkina, wato gero da madara, da ake sha a Nima da Aboabo. Bafulatanar da ke tatsar lita ɗaya ko biyu daga saniyarta ba ta da hanyar karawa da wannan buhu. Kashi biyar ɗin dai gwamnatocinmu ne suka sa hannu a kai, wannan namu ne.

Sai gwanjo. A ƙiyasin da aka fi ambata, tufafi kusan miliyan 15 ke sauka kasuwar Kantamanto ta Accra kowane mako, cikin dila mai kilo 55 da 'yan mata 'yan kaya, yawancinsu daga arewa, ke ɗauka a ka har ƙashin wuya ya lalace. Mai saye ba ya ganin cikin dila sai ya biya ya yanke ɗaurin. Zai ware na farko da na biyu da na uku, sauran tsumma ne mai tabo ko yagagge. Masu bincike sun ce kusan kashi 40 shara yake zama, ƙungiyar dillalan ta ce bai kai haka ba ko kusa. Ko wane ne ya fi gaskiya, wanda ya je bakin tafkin Korle ko gaɓar Jamestown ya ga igiyoyin tsumma da teku ke amayowa. Dubban mutane na ci daga wannan kasuwa, gobarar 2 ga Janairun 2025 ta nuna yawansu, don haka ba mu ce a rufe ta gobe ba. Abin da muke nuni da shi shi ne abin da ya sami wanda ya gwada. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka shirya rage gwanjo don su farfaɗo da masaƙunsu. Wata ƙungiyar masu fitar da gwanjo a Amurka ta kai ƙara, aka yi barazanar AGOA, Kenya da Yuganda da Tanzaniya suka janye. Ruwanda ta tsaya a kan fitonta, wanda ta ɗaga daga santi 20 zuwa dala 2.50 a kilo, sai a Yulin 2018 Amurka ta dakatar da rangwamen tufafinta. Ingila kuwa da dokokin 1700 da 1721 ta hana yadin Indiya shiga har masaƙunta suka tsaya da ƙafafunsu. Masaƙunmu na Juapong da Akosombo ba su sami irin wannan inuwa ba.

A koko kuma karin maganar nan ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ghana da Kodebuwa ke noma wajen kashi 60 na kokon duniya. A 2019 suka haɗa kai suka ce a ƙara dala 400 a kan kowane tan domin manomi ya rayu. Tan ɗaya buhu 16 ne masu kilo 64, wato dala 25 ke nan a buhu. Kamfanonin cakulan suka yi maraba a gaban 'yan jarida. Da kakar 2020 ta zo sai sayayya ta yi sanyi, hukumomin koko na ƙasashen biyu suka zargi kamfanin Hershey da zagayawa ta kasuwar hada-hadar New York don kauce wa ƙarin, sannan 'yan kasuwa suka dinga matse ɗayan ƙarin da ake biya saboda ingancin kokon ƙasa har ya faɗi ƙasa da sifili. Aka bayar da dama aka karɓe da hagu. Ba sabon abu ba ne a nan: a 1937 manoman ƙasar nan sun riƙe kokonsu wata biyar saboda kamfanonin Turawa sun haɗa baki a kan farashi, kuma har yau in an ce abu awam ne a Ghana ana nufin maguɗi, daga sunan ƙungiyar waɗancan kamfanoni.

Yanzu ga dokar Turai ta 2023 kan sare daji. Duk kokon da zai shiga kasuwarku sai an nuna bai fito daga filin da aka sare bayan 31 ga Disambar 2020 ba. A aikace ma'anarsa ita ce a je kowace gona da na'ura a ɗauki lambobin taswirarta, in ta wuce hekta huɗu a zagaye iyakarta gaba ɗaya, a ba manomi kati, a liƙa wa kowane buhu shaida tun daga rumfar magatakardan saye har sito har Tema ko Takoradi, kuma kada buhun da ba shi da shaida ya gauraya da mai shi. Inda abin ke lalacewa sananne ne: gonar gado da 'yan'uwa biyar ke rabawa ba takarda, mai aikin abusa da ke noma gonar wani a kan kashi ɗaya cikin uku, ƙauyen da ba sabis ɗin waya, iyakar gandun daji da taswirar gwamnati ta ce nan, dattawa suka ce can. Muna son dajinmu fiye da yadda kuke son sa, don mu ne ruwan sama ke yi wa gardama. Amma wa zai biya kuɗin wannan aiki, in dala 25 a buhu ta gagara? Da aka ɗage fara aiki da dokar kuma, kukan manyan kamfanoni da na ƙasashe masu ƙarfi aka ji. Sannan ku duba jerin kayan da dokar ta shafa: koko, kofi, man ja, waken soya, roba, shanu, katako. Babu zinariya. Alhali galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ita ce ta mai da kogin Pra da Offin da Ankobra kamar kunun kanwa, ita ke tumɓuke gonakin kokon kansu, zinariyar kuma tana bi ta Dubai da Suwizalan ta shiga kasuwanninku ba wanda ya tambaye ta lambar taswira. Makamancin haka aka yi da man dizal: har zuwa 2016 'yan kasuwar Turai na haɗa wa yankin nan mai da dokar Ghana ta yarda sinadarin sulfa a cikinsa ya kai 3,000 cikin miliyan, a lokacin da na motocinku ba ya wuce 10. Sai a 2017 Ghana ta sauke nata zuwa 50.

Kan bashi ba za mu wanke gwamnatocinmu ba. Su suka ciwo, su suka kashe, kuma shirin dala biliyan 3 na Mayun 2023 shi ne karo na 17 da ƙasar nan ta je gaban IMF. Amma ku dubi yadda aka raba zafin. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, kuma waɗanda aka fara zaunarwa a kujerar wanzami, wato aka fara rage musu kuɗin da suke bin gwamnati, su ne na gida, bayan shugaban ƙasa na lokacin ya yi alkawarin ba za a yi wa kowa aski ba. A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo riƙe da kwali. Masu takardun bashin waje na dala biliyan 13 sai a Oktoban 2024 aka kammala da su, bayan sun shekara da shekaru suna karɓar ruwa mai tsada da hujjar cewa bashin Afirka kasada ne. A wannan lokaci ana ƙara mana kuɗin lantarki duk wata uku don a daina tallafi, Jamus kuwa ta ware Yuro biliyan 200 a 2022 don rage wa gidaje da masana'antunta tsadar makamashi. Ita wannan Jamus ɗin, a yarjejeniyar London ta 1953 an yafe mata kusan rabin bashinta na waje, aka kuma tsara biyan sauran yadda ba zai fi ƙarfin cinikinta ba. Da IMF ta raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650 a 2021 saboda korona, Afirka gaba ɗaya wajen biliyan 33 ta samu, domin da girman hannun jari ake rabo. Amurka ita kaɗai tana da sama da kashi 16 na ƙuri'u a Asusun da manyan shawarwarinsa ke buƙatar kashi 85.

In an ce mu kai ƙara, ina kotun? Tun Disambar 2019 sashen ɗaukaka ƙara na Ƙungiyar Cinikayya ya daina aiki saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Da aka yanke a 2022 cewa harajinta na ƙarafa ya saɓa ƙa'ida, sai ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ita ta kulle. A Afrilun 2025 ta ɗora wa kayan Ghana kashi 10, a Agusta ta mai da shi 15, ba tare da Ghana ta karya wata yarjejeniya ba. Ita ma yarjejeniyarmu ta ciniki da Turai da wa'adi aka karɓe ta: ko a amince kafin 1 ga Oktoban 2016 ko kifin gwangwani na Tema da ayaba da man koko su fara biyan fito, a madadin haka mu buɗe kusan kashi 80 na kasuwarmu zuwa 2029. Mun yaba da aka bar kaji da tumatir da albasa a waje.

Kwafin wannan takarda zai je Ma'aikatar Kasuwanci da ofisoshin 'yan majalisarmu, don haka bari mu taka namu tudun. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Accra take, amma direban da ya ɗauko albasa daga Galmi ya san shinge nawa zai tsaya tsakanin iyakar Paga da Kumasi, da abin da zai ajiye a kowanne, albasa kuwa ba ta jira, kwana biyu na ƙari a cikin zafi sai ƙasan lodi ya fara ruwa. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar a Yulin 2019, a Agusta ta rufe iyakokinta na ƙasa har Disambar 2020, kayan 'yan Ghana suka ruɓe a iyakar Seme. Mu kuma dokar zuba jari ta 2013 ta ce baƙon da zai yi ciniki sai ya kawo dala miliyan ɗaya, da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine da Circle, alhali muna kuka in an taɓa namu a Legas. A Agustan 2024 Ghana ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya saboda fari, ba ta tambayi maƙwabtan da muke cin tumatir ɗinsu ba. Mutanen zango sun fi kowa sanin ƙarshen irin wannan, domin akwai gidajen da har yau ba su haɗu ba tun dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, wadda ta ba mutane mako biyu su tattara. Kakanninmu fataken goro ma a Salaga sarakunan Asante suka tsayar da su, ba a bari su gangaro dajin goron ba, kuma sai 'yan kasuwar sarki sun sayar kafin kowa. Bambancin kawai, Asantehene bai taɓa tara fatake ya yi musu lacca cewa kasuwarsa a buɗe take ba.

Ga abin da muke roƙo, kuma duk cikin ikonku yake. Duk shawarar da wakilan Asusun ko na Bankin za su ba gwamnati kan fito ko tallafin noma, a rubuta ta a ajiye gaban Majalisa kafin a sa hannu a rance, kada a maimaita 2003. A kowane rahoto da zai ce Ghana ta rage tallafi, a ƙara shafi ɗaya da ke nuna nawa ƙasashe biyar mafiya ƙuri'a a Asusun ke ba manomansu a kan wannan kayan. Ofishin Tarayyar Turai ya bayyana a rubuce cewa ba zai ƙalubalanci Ghana ba idan ta kafa birki irin na Yunin 2024 a kan sassan kaji da garin madara mai man ja, da lissafi iri ɗaya: matsakaicin shigowar shekarun baya, in an wuce fito ya hau. Kuɗin auna gonakin koko da na katin manomi ya fito daga aljihun mai saye a matsayin layi na daban a kwantiragi, yadda ba za a zare shi daga ƙarin inganci ba, a kuma sa zinariya a ƙarƙashin bincike mai tsanani irin na koko. Kuɗin da ƙasashenku suka fara karɓa daga kamfanonin tufafi don kwashe shara, kaso ya biyo dilar zuwa inda ake kwance ta. Maganin feshin da kuka haramta a gonakinku, ku hana masana'antunku haɗa shi don fitarwa, kamar yadda Faransa ta fara a 2022.

Idan akwai adadi ko shekarar da muka kuskure a sama, ku gyara mana a fili, za mu karɓa. Muna kuma gayyatar duk wanda zai amsa a cikinku ya zo Kumasi ya amsa a gaban masu kiwo da dillalai, ya fara biyawa ta shagunan ƙanƙara na Asafo da safe kafin a zauna. Tafinta da wurin zama a wuyanmu.

Wassalam. Allah ya ba mu alheri.

Daga wasu masu kiwon kaji da dillalan hatsi da 'yan kasuwa na zangonnin Kumasi.